Fulawa Ai Ba Alkama Ba Ce

A babban kantin nan na bakin titi, can layin ƙarshe kusa da inda ake jera sabulun wanki, aka ware wa biskit marasa alkama ɗan wuri da bai fi faɗin taga ba. Maman Tsigi ta san wurin kamar yadda ta san kan keken ɗinkinta. Sauran mata sukan wuce suna jefa kaya a kwando ko kallo ba sa yi, ita kuwa sai ta tsaya ta juya kowane fakiti, ta matso da shi kusa da hanci tana bin ƙananan rubutun baya da farce. Masu kantin sun daina zarginta da sata tuntuni. Yanzu tausayinta suke ji, abin da ya fi ɓata mata rai ke nan.

Tsigi ita ce 'yarta, kuma ita kaɗai Allah ya ba ta. Sunan ya samo asali ne daga jikinta, don har ta isa shiga makaranta ba ta wuce a ɗauke ta da hannu ɗaya ba: ƙafafu kamar sillen kara, ciki a kumbure, kullum gudawa da kuka. An yi yawon asibiti har takalma suka gaji kafin a samu likitan da ya gano abin. Ya ce akwai wani sinadari a cikin alkama da hanjin yarinyar ba ya shiri da shi, ko ɗan ɓurɓushi ta ci sai ya yi mata ɓarna a ciki, kuma ba ciwo ne da ake warkewa ba, kiyayewa ake yi. Aka kiyaye. Kafin shekara ta zagayo Tsigi ta yi kumatu, ta fara gudu, har ta fara rashin kunya, uwar kuwa da ta ji an kawo ƙararta daga makaranta sai da ta shiga ɗaki ta yi kukan daɗi.

Doka ɗaya ta kafa mata: kada ta ci komai sai abin da ya fito daga hannunta. Tsigi ta riƙe dokar nan gam. Malamai sun ba ta alawa ta ƙi, 'yan ajinsu sun yi mata tayin burodi ta kau da kai, ko babanta ya miƙo mata abu sai ta waiga ta dubi uwarta tukuna. Duk faɗin duniya hannu ɗaya yarinyar ta yarda da shi, kuma da wannan yardar take ci ta ƙoshi ba fargaba. Maman Tsigi ba ta da gida nata, ba ta da gwal, amma tana da wannan, kuma ta san darajarsa.

Da ta zo yi wa dangi bayani, sunan sinadarin ya ƙi zama a bakin kowa, sai ta taƙaita musu ta ce, “Ba ta cin alkama.” Kowa ya gyaɗa kai. Nan ta yi kuskuren da ta daɗe tana cizon yatsa a kansa, domin a kunnen mutanenmu alkama ita ce wannan jan garin mai dusa da likita ke sa masu ciwon suga su ci. Farin garin da ake kek da burodi da shi kuwa sunansa fulawa, kuma mutum zai iya tsufa ya mutu bai taɓa haɗa su a zuri'a ɗaya ba.

Wadda ta fara faɗawa ramin ita ce Gwaggo, yayar mijinta. Ita ta rene shi bayan rasuwar iyayensu, kuma ba ta taɓa barin wani ya manta da hakan ba. Mace ce mai jiki da murya, ta yi aikin ofis har ta ajiye, ta saba in ta yi magana a rubuta. Wata rana ta gutsura wa Tsigi kek, yarinyar ta ƙi karɓa, sai ta tura mata a baki da wasa. Da uwar ta taso a guje, Gwaggo ta buɗe hannuwa da gaskiyarta.

“Ke fa kika ce alkama. Wannan ai fulawa ce.”

“Yaya, fulawar ai daga alkama ake yin ta.”

“Tun yaushe?”

Shi kansa Baban Tsigi, direba ne da ya zaga ƙasa, sai da ya riƙe haɓa ya ce ashe haka abin yake. Aka yi dariya, Tsigi ta yi kwanakinta a kwance, uwar ta haɗiye. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ba a kama mutum da laifin abin da bai sani ba. Ta zauna ta yi wa Gwaggo bayani dalla-dalla, har ta kawo mata fakitin biskit ɗin Tsigi ta nuna mata alamar zangarniya da aka soke da layi. Gwaggo ta ɗanɗana ɗaya, ta yatsina fuska ta ce wannan ai kwali ne aka yayyafa wa suga. Da ta ji tsadarsa kuwa sai ta kalli ƙanenta da irin kallon da ake yi wa wanda aka yi wa sane a kasuwa.

Daga ranar ciwon Tsigi ya samu sabon suna a bakin Gwaggo: iyayi. A waya ma haka take faɗa wa dangi, wai matar ƙanenta ta samo ciwon 'yan gayu ta liƙa wa yarinya don a ce su ma sun waye. Su da suka tashi suna cin duk abin da ya zo hannu, ga su nan garau.

Abin ya faru ne lokacin komawa makaranta, sa'ad da ɗinkin kayan ɗalibai ya taru wa Maman Tsigi har ba ta ganin ƙofar shago. Ba yadda ta iya, ta kai Tsigi gidan Gwaggo ta yini. Ta dafa mata shinkafarta daban, ta cika ɗan gwangwaninta mai murfi da biskit, ta damƙa mata a hannu ta ce abin da ke ciki kaɗai za ta ci. Da yamma ta je ɗaukarta, ta tarar da falo cike da 'yan uwa ana shan shayi. Gwaggo na ganinta ta gyara zama, fuskar nan fal murmushi.

“Yauwa, ga likitar gidanmu ta iso. Zo ki ga 'yarki. Tsigi, tashi ki yi tsalle Ummanki ta gani.”

Tsigi ta tashi ta yi tsalle.

“To kin gani. Tun da hantsi na juye kwalin nan naku daga gwangwanin na zuba mata biskit na mutane a ciki, irin wanda kowa ke ci. Ta cinye tas, har da lashe hannu. Ga ta nan, ta mutu? Na ce bari in gwada in gani da idona, a daina wahalar da ƙanena a banza.”

Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai cikin kofunansu. Maman Tsigi ta kama hannun 'yarta suka fita, ko sallama babu.

Kafin su isa gida cikin Tsigi ya fara murɗawa. Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani ga duk wadda ta taɓa wanke zanen gado sau da yawa har hannunta ya yi fari. Tsigi ta yi amai har ba abin da ke fita sai kumfa, kumatun nan da aka sha wahala kafin a same su suka zube. Cikin wannan halin ta buɗe ido ta ce, “Umma, ai daga gwangwaninki na ci.” Maganar ta fi komai yi wa uwar ciwo. Da hannunta aka yi amfani aka cuci 'yarta. Ta rungume ta tana rantse mata cewa ba ita ta zuba ba, Gwaggo ce ta canja, kuma ita ba za ta taɓa ba ta abin da zai cutar da ita ba. Tsigi ta yarda nan take, kamar yadda ta saba.

Gwaggo ta bugo waya ta ce ta ji labari, ai zazzaɓi ne ke yawo a gari, jikan maƙwabciyarta ma haka ya yi. Baban Tsigi ya ce a yi haƙuri, Yaya ba da mugunta ta yi ba, uwa ce a gare shi, me ake so ya ce mata? Haƙuri dai, kalmar da ake ba wanda aka taka don wanda ya yi takun ya wuce lafiya. Maman Tsigi ta ce ta haƙura. Ƙarya take yi. Tana taka keke tana jin abin yana tafasa a ƙirjinta, allura ta soke ta ba ta ji ba, ta ɗinka hannun riga a baibai ta farke ta sake. Ta tsani Gwaggo, tsana mai tsabta wadda ba ta gauraye da komai ba.

Abin da ya ƙara hura wutar shi ne, ita ma Gwaggon tana da nata. Gyaɗa ce ba ta shiri da ita. Ko kaɗan ta ci sai borin jini ya taso mata, jiki ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura. Duk dangi sun san wannan, ana kaffa-kaffa da shi kamar ƙwai. In za a yi girki ana sa ran zuwanta, har man da za a soya abu sai an tambaya. Ba wanda ya taɓa kiran nata iyayi, ba wanda ya taɓa cewa bari ya gwada ya gani da idonsa.

Ba ta je kantin da niyyar komai ba, wannan gaskiya ne. Biskit ɗin Tsigi ne ya ƙare. Tana tsaye a ɗan wurinta sai ta ga sabon fakiti mai ruwan ƙasa, an lulluɓe biskit ɗin da cakulan, ga alamar zangarniya a soke. Ta juya bayansa kamar kullum. Garin shinkafa, suga, koko, kirfa, garin gyaɗa. Farcenta ya tsaya a nan. Ta daɗe tana kallon kalmar, har wata ma'aikaciya mai tura keken kaya ta ce ta ɗan matsa. Ta matsa, ta sa fakitin a kwando, ta ƙara da wanda Tsigi ta saba ci. A hanyar gida ta biya kemis ta sayi maganin borin jini, don ita ba kisa ta yi niyya ba. So take Gwaggo ta ji a jikinta, jiki magayi.

Da ta ce wa mijinta ya gayyato Yaya shan shayi a wanke zukata, har ya rasa inda zai sa ta don murna. Ya ce dama ya san matarsa ba ta da riƙo.

Ranar ta share falo, ta fito da kofunan baƙi. A kicin ta farke fakitin, ta shinshina: cakulan da kirfa sun danne komai. Ta jera biskit ɗin a farantin tangaram, sannan ta ɗauki almakashi ta yi wa ledar gunduwa-gunduwa, ta tura ta can ƙasan kwandon shara, ta juye ganyen shayi da ɓawon albasa a kai. Da ta ɗago sai ta ga Tsigi a bakin ƙofa tana riƙe da labule.

“Umma, me ya sa kike yanka ledar?”

“Shara ce. Je ki gaida Gwaggonki, ga ta can ta iso.”

“Sabo ne? Zan ci?”

“Za ki ci, naki ne. Je ki.”

Gwaggo ta shigo da shirin wadda za a ba haƙuri. Ta baje a kujera mafi girma, ta ce ita ba ta riƙe kowa a rai ba, yaran zamani ne sai a hankali. Maman Tsigi ta durƙusa ta zuba mata shayi, ta tura farantin gabanta.

“Yaya, ki ɗanɗana wannan. Irin na Tsigi ne, amma sabo. Ina so ki faɗa min ko shi ma kwali ne.”

Gwaggo ta yi dariya, ta ɗauki ɗaya ta juya shi, sannan ta yi tambayar da take yi a kan kowane abin ci a duniya. “Babu gyaɗa dai ko?”

“Ga shi nan a hannunki, Yaya. Karya ki duba, in kin ga ko ƙwaya ɗaya ki ce min.”

Ta karya, ta duba, ta kai baki. Ta ce a'a, wannan kam da dama-dama, ashe masu iyayin ma sun iya zaɓe. Ta ci na biyu, ta tsoma na uku a shayi. Tsigi na zaune a kan darduma da nata a hannu, tana ci tana kallon manya. Maman Tsigi ta koma gefe ta naɗe hannuwa, fuskarta kamar ruwan randa.

Ba a daɗe ba Gwaggo ta fara sosa wuya. Ta sosa damtse, ta ture mayafi ta sosa ƙeya. Tana cikin ba da labarin wani tsohon shugabanta a ofis sai maganar ta fara fita a murguɗe, don leɓen sama ya yi suntum. Ta shafa bakinta, ta kalli hannunta da borin jini ya yi wa taswira, sannan ta ɗago ido a hankali.

“Me kika ba ni?”

“Biskit, Yaya.”

“Akwai gyaɗa a ciki.”

“Haba Yaya, ai ba gyaɗa ba ce, gari ne. Ke da kanki kika duba.” Ta ɗan karkata kai. “Ni dama na daɗe ina ji ana cewa gyaɗa na tayar miki da ciwo, na ce bari in gwada in gani da idona. Ko zazzaɓin nan ne da ke yawo a gari?”

An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, amma ba a cika faɗar daɗin da ke cikinta ba. Maman Tsigi ta ji shi har tafin ƙafa. Duk amai da wankin da ta sha, duk dariyar falon nan, sai ta ji an sauke mata su daga ka. Ta miƙe ta ɗauko maganin da ruwa ta ajiye a gaban Gwaggo, cikin ladabi, da hannu biyu.

Sai dai abin ya so ya wuce inda ta auna. Idanun Gwaggo suka ƙanƙance cikin kumburi, muryarta ta dishe, ta fara jan numfashi da ƙyar tana nuna maƙogwaro. Baban Tsigi, da ke zaune tare da su, ya watsar da kofinsa, ya ciccibe yayarsa zuwa mota, a bakin ƙofa ya juyo ya yi wa matarsa wani kallo da bai taɓa yi mata ba. Motar ta tashi, gidan ya yi tsit. Tsigi ta ajiye guntun biskit ɗin da ke hannunta a kan darduma, ta shige ɗaki.

Gwaggo ba ta mutu ba. An yi mata allura, an riƙe ta na ɗan lokaci, aka sallame ta da fuska kamar an hura balan-balan. Waya ta dinga ruri, dangi kowa da irin tasa: mai cewa an yi rashin imani, mai cewa sai an zauna, da wata ƙanwar miji guda da ta yi ƙasa da murya ta ce Allah ya ƙara. Mijin ya daina yi mata magana sai ta kama dole. Maman Tsigi ta ɗauki duk wannan ba ta ji nauyinsa ba. Ta tsorata da ta ga numfashin nan na sarƙewa, ba ta musu, amma nadama ba ta zo mata ba. Kuma ta lura tun daga ranar ba wanda ya ƙara furta kalmar iyayi.

Ranar da aka koma makaranta ta cika wa Tsigi gwangwaninta da biskit ɗin da ta saba ci, ta sa mata a jaka. Da rana yarinyar ta dawo leɓe a bushe, tana jan ƙafa. Uwar ta buɗe jakar don ta wanke gwangwanin, ta same shi yadda ta rufe shi, ko ɗaya ba a taɓa ba.

“Ba ki ci ba? Cikin ne?”

Tsigi ta girgiza kai.

“To zo ki ci yanzu, kin ga yadda yunwa ta mai da ke.” Ta ɗauki ɗaya ta miƙa mata.

Tsigi ta kalli biskit ɗin, ta kalli hannun da ke riƙe da shi, ta mai da nata hannuwan baya.

“Ina ledarsa?”

“Wace leda kuma? Naki ne na kullum. Ni ce fa, Ummanki.”

“Ina so in gani.”

Maman Tsigi ta tashi ta ɗauko fakitin daga kabad ta ba ta. Yarinyar ta juya bayansa yadda ta sha ganin ana yi, ta matso da shi kusa da hanci, ta ɗora ɗan farcenta a kan rubutun. Ba ta gama iya haɗa baƙi ba, kalmomin kuma dogaye ne. Ta yi ta motsa baki a kan ta farko har idonta ya kawo ruwa.

“Kawo in karanta miki,” in ji uwar.

Tsigi ta rungume fakitin a ƙirji, ta ja baya kaɗan.

“A'a, Umma. Zan jira Baba ya dawo ya karanta min.”

Ta je bakin ƙofa ta zauna da yunwarta, tana kallon hanya.